Digiri nawa ƙarfe marar tsatsa yake jurewa? Tambayar da lamba ɗaya ba ta isa ta amsa ba

Duk wanda ya taɓa neman ƙarfen da zai yi aiki kusa da wuta, ko ƙofar tanderu ce, ko bututun hayaƙi, ko ragar da ake jera kaya a kai a tura cikin wuta, tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce: digiri nawa yake jurewa? Mai sayarwa kuwa ba ya rasa amsa. Zai leƙa takarda ya ce 870, ko ya ce 925, wani ma ya ce ai sai an haura 1,400 yake narkewa. Duka lambobin nan gaskiya ne game da nau'in da aka fi sani, wato 304, kuma duk a ma'aunin Salshiyas suke, kamar sauran lambobin zafi da za su biyo baya. Sai dai wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu ya je ya ƙera abin da zai ɗauki nauyi, yana iya wayar gari ya tarar da ƙarfensa bai narke ba, bai ƙone ba, amma ya yi ciki ya saki kamar igiyar shanya. Babu wanda ya yi masa ƙarya. Amsar wata tambaya aka ba shi, ba tasa ba.

Batun narkewa ma a kawar da shi tun yanzu. Nau'in 304 yana narkewa tsakanin digiri 1,400 da 1,450, baƙin ƙarfe zalla kuwa sai a 1,538. Ashe ke nan ƙarfe marar tsatsa, wanda masu walda ke kira sitenlas, ya riga baƙin ƙarfe narkewa. Fifikonsa a wuta ba daga nan yake ba, kuma duk ɓarnar da ake tsoro tana aukuwa ne tun da sauran ɗaruruwan digiri kafin a kai can.

Fifikon yana farawa ne daga fata. Ba a kiran ƙarfe sitenlas sai kuromiyam ɗin da ke cikinsa ya kai kashi 10.5 cikin 100. Kuromiyam yana da kwaɗayin iskar oksijin fiye da baƙin ƙarfe, saboda haka shi ke rigan kowa kama ta, ya shimfiɗa wata fata a saman ƙarfen wadda siririntarta ta wuce ido ya gani. Fatar nan a rufe take ruf, ba ta barin iska ta ratsa ta kai ga abin da ke ƙasa, in kuma an karce ta sai ta sake tofowa. Abin sha'awa, matsalar zafi ce ma ta haifi ƙarfen. A 1913, a birnin Shefil na Ingila, Harry Brearley yana neman haɗin da zai hana cikin bututun bindiga zaizayewa ne saboda zafin harbi, sai ya narka ƙarfe mai kuromiyam kusan kashi 13, ya lura ruwan asid ɗin da yake amfani da shi a ɗakin gwaji ba ya cin sa. Shekara ɗaya kafin nan, a kamfanin Krupp na Jamus, Benno Strauss da Eduard Maurer sun riga sun yi rajistar haɗin kuromiyam da nikel, wanda shi ne kakan 304 na yau mai kuromiyam 18 da nikel 8.

Da zafi ya fara hawa, fatar nan sai ta fara kauri, kuma ido na iya bin sawunta. Wajen digiri 300 ƙarfen kan yi ruwan ɗorawa mai haske, kusa da 400 ya koma ƙasa-ƙasa, wajen 450 ya yi shunayya, daga 540 zuwa 600 ya zama shuɗi. Launukan da ake gani a gefen walda ko a salansar babur ke nan. Ba fenti ba ne, ba kuma tsatsa ba ce, haske ne ke wasa a cikin siririyar fatar kamar yadda yake yi a digon mai da ya zuba kan ruwa. Kada dai a mai da launin ma'aunin zafi, domin daɗewa a ƙaramin zafi na iya ba da launin da babban zafi ke bayarwa cikin ɗan lokaci.

In aka ci gaba da hawa, fatar ta zama ɓawo mai duhu. Lambobin nan 870 da 925 a kan ɓawon suke magana, shi kaɗai: iyakar zafin da 304 zai zauna a cikin busasshiyar iska ba tare da ɓawon ya riƙa cin jikinsa da sauri ba. Wanda ya duba takardar da kyau zai ga wani abu kamar an juya lambobin. An ba shi 925 in wutar ba ta mutuwa, amma 870 kawai in ana kunnawa ana kashewa. Hankali zai ce ai wanda ke samun hutu shi ya kamata ya fi jurewa. Ba haka ba ne. Ƙarfen yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi fiye da ɓawon da ke kansa nesa ba kusa ba. Duk sanyin da ya yi sai ya matse ɓawon, ɓawon ya tsage ya ɓamɓare. A sake kunna wuta, ƙarfen ya sake fitar da kuromiyam daga jikinsa ya yi sabo. Ana nan ana nan, kuromiyam ɗin da ke kusa da sama ya ƙare, sai baƙin ƙarfe ya karɓi aikin, shi kuwa ɓawonsa buhu-buhu ne, ba ya tare komai. Daga nan sai zaizaya.

Shi ya sa nau'o'in da aka yi musamman don wuta suka fi cika da kuromiyam. 309 yana da kusan kashi 23, yana kai wa wajen 1,095 a wutar da ba ta mutuwa. 310 yana da kuromiyam 25 da nikel 20, yana kai wa wajen 1,150. Akwai kuma wani haɗi da ake kira 253 MA, wanda nikel ɗinsa 11 ne kacal, amma an sa masa silikon da naitirojin da ɗan ƙyas na wani ma'adini mai suna siriyam, wanda ke sa ɓawon ya liƙe gam ya daina zubewa. Ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na nauyin ƙarfen ba shi ke sa shi gogayya da 310.

To amma busasshiyar iska mai tsabta a ɗakin gwaji ake samun ta. A wurin aiki hayaƙi ne, da tururi, da toka. Tururin ruwa kaɗai ya isa ya sauya lissafi: daga wajen digiri 600 zuwa sama yakan haɗu da fatar kuromiyam ya mai da wani sashe nata iska ta tashi, ƙarfen ya yi ta ƙoƙarin cike gurbi har ya gaji. Farar wuta da ke cikin hayaƙin wasu mayuka da gawayin ƙasa ta fi muni, kuma a nan ne abincin wani ke zama gubar wani. Nikel, wanda shi ne abin alfahari a 310, in ya gamu da farar wuta a inda oksijin ya yi ƙaranci, sukan haɗa wani abu da ke narkewa a wajen digiri 640, ya kwarara cikin jikin ƙarfen. A irin wannan wuri 446, mai kuromiyam wajen 25 kuma babu nikel, yakan fi ƙarfen da ya ninka shi tsada daɗewa. Tokar baƙin mai tana ɗauke da banadiyam, wanda haɗinsa da oksijin ke narkewa a kan bututu ya narkar da fatar kamar yadda ruwa ke yi wa gishiri. Iskar da kabon ya yi mata yawa kuma takan cusa kabon ɗin cikin ƙarfen har ya yi gautsi, wani lokaci ma ya riƙa zubewa kamar gari. Ko zinki da ake shafe waya da ƙusoshi da shi don hana tsatsa abin tsoro ne: yana narkewa a digiri 420, in ya ɗiga a kan sitenlas mai nikel da ya haura 750 kuma yana ɗauke da nauyi, yakan ratsa shi ya tsaga cikin ƙiftawar ido. Binciken da ya biyo bayan fashewar masana'antar sinadarai ta Filiksboro a Ingila a 1974, inda mutum 28 suka rasu, ya ja hankalin injiniyoyi ga wannan illa, bayan an ga irin tsagar a bututan da gobarar ta gasa.

Duk wannan kan fata ne. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

A ɗauki sandar 304 mai kaurin milimita 10, a rataya mata nauyi. A zafin ɗaki za ta ɗauki kusan tan ɗaya da kilo 600 kafin ta miƙe miƙewar da ba ta komawa, kuma ba za ta tsinke ba sai nauyin ya haura tan 4. Kafin ta tsinke ma sai ta ƙara tsawo da kashi 40 cikin 100 ko fiye, domin ƙarfe ne mai danƙo. A kai ta digiri 600, nauyin da ke fara miƙar da ita ya sauko kusan rabi. Wannan ba abin mamaki ba ne, kowa ya san wuta na tausasa ƙarfe, da ita maƙeri ke cin abinci. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, daga wani zafi zuwa sama, ba nauyi kaɗai ake tambaya ba, har da tsawon lokacin da za a bar shi a rataye.

A digiri 700, in gwajin na 'yan mintoci ne, sandar nan za ta riƙe fiye da tan ɗaya da rabi. A rataya mata abin da bai kai kilo 250 ba, a tafi a bar ta. Gobe lafiya lau, baɗi ma lafiya lau. Amma tana miƙewa a hankali, miƙewar da ido ba ya kamawa, kuma wajen awa 100,000, wato shekara 11 da 'yan watanni, za ta tsinke. A digiri 600 nauyin da zai yi mata haka a wannan wa'adi wajen kilo 700 ne. Ƙarin digiri 100 kawai ya cinye kashi biyu cikin uku na abin da take iya ɗauka. A digiri 925 kuwa, inda takardar mai sayarwa ta ce tana jurewa, da ƙyar take ɗaukar nauyin kanta na dogon lokaci. Injiniyoyi suna kiran wannan hali da kalmar da ke nufin rarrafe, kuma sunan ya dace, domin sannu ba ta hana zuwa.

Me ke faruwa a ciki? Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne. In aka goge shi aka duba da madubin ƙara girma, za a ga ƙwayoyi ne birjik manne da juna, kowace ƙwaya kuma zarra ce jere sahu-sahu. A sanyi kowace zarra tana zaune daram a gurbinta, in wani sahu ya so zamewa ya ci karo da cikas sai ya tsaya. Da zafi ya kai wajen kashi 4 cikin 10 na zafin narkewa, in an ƙirga daga asalin sifirin sanyi, wato sanyin da babu na ƙasa da shi, zarrar ta samu kuzarin tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi. Sahun da ya maƙale sai ya hau ya kewaye cikas ɗin ya wuce. Su kansu ƙwayoyin sukan fara gogar juna a kan iyakokinsu, ƙananan ramuka su buɗe a wurin, ramukan su haɗu su zama tsaga. Tun 1910 wani masanin kimiyya a Landan mai suna Andrade ya bayyana yadda miƙewar ke tafiya, kuma yau ana raba ta mataki uku: da fari da ɗan sauri, sai ta lafa ta ɗauki tafiya ɗaya mai tsawo, wadda a cikinta mafi yawan rayuwar ƙarfen ke ƙarewa, sai a ƙarshe ta ɓalle da gudu zuwa tsinkewa.

Ƙarfen gini na yau da kullum yana fara rarrafe tun wajen digiri 400. Sitenlas mai nikel sai an kusa 550. Dalilin yana ga yadda zarrar ta jeru. Nikel yana sa ta yi wani jeri mai matsewa ƙwarai, irin na lemu da aka tara dala, wanda ake kira ostinait, kuma a cikin matsi motsi yana wuya. Dangin da babu nikel, irin su 409 da 430 da 446, jerinsu ferait ne, mai sako-sako kamar na baƙin ƙarfe. Su ne mayen ƙarfe ke kamawa. Fatarsu na iya jure wuta sosai, amma da an haura 600 ƙarfin ɗaukar kayansu ya zube. Shi 446 ɗin da na yaba a hayaƙin farar wuta, in aka shimfiɗa shi a kwance a tanderu ba tare da matokara kusa-kusa ba, zai yi ciki.

Da yake ba wanda zai jira shekara 30 kafin ya gina tashar wutar lantarki, sai aka nemi dabara. A 1952 wasu injiniyoyi biyu, Larson da Miller, suka fitar da lissafin da ke haɗa zafi da lokaci su zama lamba guda, ta yadda gwajin 'yan watanni a babban zafi zai ba da hasashen shekaru a ƙaramin zafi. Ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ASME, wadda ake ƙera tukwanen tururi da ita tun 1914, ta ɗora dokarta a kan awa 100,000 ɗin nan: ba a yarda a ɗora wa ƙarfe fiye da kashi 67 cikin 100 na matsakaicin nauyin da ke tsinka shi a wannan wa'adi ba, ko nauyin da zai miƙar da shi fiye da kashi ɗaya cikin 100. Abin da lissafin ke nunawa mai tayar da hankali ne ga mai kula da tukunyar tururi: ƙarin digiri 15 ko makamancin haka na iya raba rayuwar bututu biyu. Kuma ba sai an ƙara wuta ba. Ɓawon da tururi ke tarawa a cikin bututun yana hana zafi wucewa zuwa ga tururin, sai jikin bututun ya ƙara zafi shi kaɗai, alhali agogon da ke ɗakin kula bai motsa ba. In ɓawon ya ɓamɓare ya taru a gwiwar bututu ya toshe hanya, abin da zai ɗauki shekaru sai ya faru cikin awoyi.

Yanzu ga inda na fi ganin ana tafka kuskure, kuma masu ilimin abin ne ke tafka shi, ba jahilai ba. Batun kabon ne.

Duk wanda ya koyi waldar sitenlas an gargaɗe shi da kabon. Tsakanin digiri 425 da 860, kabon ɗin da ke cikin ƙarfen yakan gudu zuwa iyakokin ƙwayoyi ya kama kuromiyam ɗin da ke wurin su dunƙule. Gefen iyakar sai ya rasa kuromiyam, ya sauka ƙasa da abin da ake bukata don yin fata. A ido ƙarfen lafiyarsa ƙalau, amma in ruwa mai asid ya taɓa shi, sai ya bi iyakokin nan yana ci kamar gara, har ƙwayoyin su rabu. Maganin da aka samo shi ne rage kabon zuwa ƙasa da kashi 0.03 cikin 100, aka sa wa nau'in harafin L: 304L da 316L. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka mai L shi ne mai kyau a ko'ina.

A wuta kuwa kabon ɗin nan da ake gudu shi ne ƙashin bayan ƙarfen. Ƙananan dunƙulen da yake yi su ne turakun da ke tare sahun zarra su hana shi zamewa. A cire shi, rarrafe ya samu hanya. Don haka aka yi nau'in H, irin su 304H, wanda dole kabon ɗinsa ya kasance tsakanin 0.04 da 0.10, kuma ana so ƙwayoyinsa su zama manya, domin in ƙwayoyi sun yi girma iyakokin da za su goga sun ragu. Wannan ma ya saɓa wa abin da aka sani a sanyi, inda ƙananan ƙwayoyi ke ƙara ƙarfi. Ƙa'idar ASME ba ta yarda a yi amfani da lambobin ƙarfin 304 sama da digiri 538 ba sai kabon ɗinsa ya kai 0.04. Wanda ya sa 304L a inda zane ya ce 304H, yana ganin ya kyautata, ya rage wa bututun shekaru ne.

Sai aka shiga gaba kura baya sayaki. Kabon kaɗan, ga rarrafe. Kabon da yawa, ga cin iyaka. Muddin ƙarfen yana cikin zafi a bushe, rashin kuromiyam a iyakoki bai cika damuwa ba. Ranar da aka kashe wuta ce ranar haɗari. A matatun mai, ɓawon farar wuta da ya taru a cikin bututu yakan haɗu da iska da danshi a lokacin da aka tsaya gyara, ya zama asid, ya tsaga bututun da ya yi shekaru yana aiki lafiya. Shi ya sa kafin a buɗe irin waɗannan bututa ake wanke su da ruwan soda, ko a cika su da iskar naitirojin don kada iskar waje ta shiga. Mafita ta biyu ita ce a ba kabon wani abokin da ya fi so. A 321 an sa taitaniyam, a 347 an sa niyobiyam. Su ke riga kuromiyam kama kabon, kuromiyam ya zauna a wurin aikinsa, dunƙulen da suka yi kuma su taimaka wajen tare rarrafe. 316, wanda molibdinam ɗinsa na kashi 2 zuwa 3 ya sa ya yi suna a ruwan gishiri, ya ɗan fi 304 jure rarrafe, amma a batun ɓawo iyakarsu ɗaya. Tsadarsa ba ta sayo ƙarin digiri ko ɗaya a nan ba.

Akwai wata illa kuma da ba ta nuna kanta sai ƙarfen ya huce. Tsakanin wajen digiri 600 da 900, in an daɗe, baƙin ƙarfe da kuromiyam sukan haɗa wani abu mai tauri da gautsi a cikin jikin ƙarfen, wanda ake kira sigma. Yawan kuromiyam da molibdinam na hanzarta shi, don haka 310 da 309, jaruman wuta, suna cikin waɗanda ya fi kamawa, musamman a wurin walda. Da zafinsa ƙarfen yana aiki yadda ya saba. In ya huce aka zo gyara, wani ya ɗauki guduma zai miƙar da ƙugiyar da ta karkace, sai ta ɓalle kamar tangaran. Ana iya warkar da shi in aka mai da shi sama da digiri 1,050 aka sanyaya da sauri, amma wa zai ɗauki tanderu sukutum ya sa a wani tanderun? Dangin ferait masu yawan kuromiyam suna da tasu cutar a ƙasa da haka, wadda ta fi tsanani a wajen digiri 475, har aka sa mata sunan lambar. Ita ce ta sa nau'in 2205, mai rabi ostinait rabi ferait, wanda ƙarfinsa a sanyi ya ninka na 304, ba a yarda ya yi aiki sama da wajen digiri 300 ba. Ga mai kallon lambar ƙarfi kaɗai, kitse yake gani, rogo ne.

Sai batun buɗewa, wanda ko ɗan koyo zai iya lissafawa amma ake yawan mantawa. Bututun 304 mai tsawon mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 600, zai ƙara tsawo da kusan santimita 11, wato fiye da abin da ƙarfen gini zai yi. In an ɗaure shi gam ta kai da ƙafa, ko ya lanƙwashe ko ya tumɓuke abin da aka ɗaure shi da shi. Ga shi kuma ba ya watsa zafi da sauri, kusan kashi ɗaya cikin uku na yadda ƙarfen gini ke yi. Gefen da ke fuskantar wuta sai ya yi zafi ya buɗe, ɗaya gefen yana nan da sanyinsa yana riƙe da shi. Wannan ja-in-ja, in ana maimaita ta kullum, ita ke gajiyar da ƙarfe har ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Dalilin da ya sa masu ƙera motoci suka fi son dangin ferait, irin su 409 da 441, a salansa ke nan. Ba araha kaɗai ba ce. Salansa tana zafi tana hucewa sau da yawa a yini, nauyin da take ɗauka kaɗan ne, ferait kuma buɗewarsa ba ta wuce ta ƙarfen gini ba. Nan raggon rarrafe ya fi jarumin.

In zafin na ɗan lokaci ne, labari ya sha bamban. A gobarar gini awa ɗaya ko biyu ake magana, ba shekaru ba. Bisa ƙa'idar gine-gine ta Turai, a digiri 800 ƙarfen gini bai riƙe ko kashi ɗaya cikin 10 na taurinsa ba, 304 kuwa yana riƙe da wajen 6 cikin 10. Haka a rokoki. Tun shekarun 1950 Amurka ta yi tankin rokar Atlas da sitenlas 301 siriri ƙwarai, wanda sai an hura masa iska yake tsayawa. Daga ƙarshen 2018 kamfanin SpaceX ya bar zaren kabon ya koma sitenlas don kumbonsa Starship, da fari 301, daga baya 304L. Ƙarfen yana ƙara ƙarfi a sanyin ruwan oksijin, digiri 183 ƙasa da sifiri, ba tare da ya yi gautsi ba, sannan yana jure zafin da alminiyam, mai narkewa a 660 kuma mai saki tun wajen 200, ba zai kusanta ba. Ga shi mai harafin L ne, wanda ba a so a tukunyar tururi, amma zafin dawowa daga sama na mintoci ne, rarrafe bai samu lokacin da zai yi aikinsa ba. Duk da haka gefen da ke fuskantar wutar sai da aka lulluɓe shi da tayil na musamman.

A masana'antu, inda shekaru ake ƙirgawa, aikin ya koma na sa ido. Duk lokacin da aka kashe wuta don gyara, masu duba lafiyar ƙarfe sukan auna faɗin bututu a wuraren da aka yi wa alama, su kwatanta da awon baya, domin bututun da ke rarrafe kumbura yake yi. Amma kumburi ba ya isa shaida a sitenlas, saboda wanda ya daɗe a wuta yakan tsage tun bai kumbura da wani abin kirki ba, musamman a gefen walda mai kauri. Don haka sukan goge ɗan wuri a jikin bututun har ya yi sheƙi kamar madubi, su shafa masa asid kaɗan don iyakokin ƙwayoyi su fito, su manna wata siririyar leda ta ɗauki hoton saman, su ɓare ta su kai ƙarƙashin madubin ƙara girma. In ramukan ɗaiɗai ne a warwatse, a rubuta a dawo zagaye na gaba. In sun fara jeruwa a kan iyaka ɗaya, a matso da ranar dubawa kusa. In sun haɗe sun zama tsaga, a yanke wannan sashe a sa sabo kafin a sake kunna wuta.